Famfo Biyu a Sertãozinho

Tun da jijjifi nake tsaye tsakanin famfo biyu,
kore a damana, ja a haguna,
ni Edinalva, 'yar mai saran rake,
ina shayar da motoci kamar mai ba garke ruwa.

Kowane direba da lissafinsa a ka.
Ya ɗaga ido ya dubi allon farashi,
leɓɓansa na motsi ba sauti:
in na rake bai kai kashi saba'in na fetur ba, a zuba kore,
in ya haura, to a koma ja.
Shekara tara ina nan,
ba wanda ya tambaye ni wanne huhu ya fi so.

Itanol araha ne, sai dai araha ba ta ado.
Romo ne: ka sha ka cika ciki,
kafin rana ta take, allura ta kwanta.

Babana Genivaldo ya ba wa rake ƙuruciyarsa.
Da dare sukan cinna wa gonaki wuta,
gabas ta yi ja kamar gari zai waye sau biyu,
da safe toka ta sauko a hankali
ta zauna kan zannuwan da Inna Odete ta shanya.
Ta sake wankewa. Ta sake zagi.
Shi kuwa ya dawo baƙi ƙirin, haƙora kaɗai ake gani,
da kuɗin shinkafa ƙulle a safa.

Sai aka hana ƙuna, aka kawo inji
mai cin aikin mazaje tamanin bai nemi ruwa ba.
Sama ta washe.
Zannuwan Inna suka bushe fari tas,
addar Baba ta hau ƙusa, tana can har yau.

Kawu Nailton ya ba masana'anta hayar gonarsa,
wadda ta ciyar da mu wake da rogo.
Yanzu rake ya zo har bakin tagarsa,
ba tsuntsu, ba inuwa, kore ɗaya har ƙarshen gani.
Duk wata kuɗi na shigowa, gaskiya ne.
Duk wata yana tsaye a kanti
yana jujjuya ledar wake, yana tsaki.
Rafin da muke kamun kifi muna yara
warin dagwalon da suke fesa wa gona ya kore mu daga bakinsa.

Amma 'yata Jussara tana São Paulo
da yaro mai fuka, ƙirjinsa na kukan kyanwa.
Ta ce, Mama, sayar musu da kore,
ba ke ce kike kwana zaune da shi ba.
Me zan ce mata?

Wani injiniya mai farar hula ya taɓa yi mini bayani:
fetur bashi ne da aka tono daga ƙarƙashin teku, ba mai biya,
rake kuwa hayaƙin da ya fitar bana
shi zai shanye baɗi in ya tsiro.
Na ce, manyan motocin da ke jigilarsa fa, me suke sha?
Takin fa, daga ina?
Ya yi dariya, ya ce duk an lissafa,
ya bar mini canji.

Shekarar da sukari ya yi tsada a ƙetare
masana'anta ta juya mana baya,
kore ya yi tashin gwauron zabi,
layi ya koma hagu ba ko kunya.

Jiya da yamma ƙanena ya kawo Baba a kan babur.
Ya sauko da kyar, ya dafa kafaɗata,
ya sunkuya ya shinshini bakin tiyo.
Ya daɗe.
Ya ce, wannan ai ƙanshin ƙasan tukunya ne a masana'anta,
ran biyan kuɗi.
Na zuba musu lita uku daga aljihuna.
Wata mota ta danna ham a bayansu.